Rage 'yan tayi a cikin 'yan uku ko fiye: yadda aikin yake, inda yake da amfani da inda yake da rauni

Daga cikin ayyukan da sashen kula da lafiyar ɗan tayi ke yi a manyan asibitoci, babu wanda ya kai rage 'yan tayi nauyi a zuciya, kuma babu wanda ake yi wa gurguwar fahimta kamarsa. Mace ta ɗauki cikin 'yan uku, 'yan huɗu ko fiye, galibi bayan ta daɗe tana neman haihuwa, sai likita ya zaunar da ita da maigidanta ya ce akwai zaɓin tsayar da girman ɗaya ko biyu ta hanyar allura domin sauran su samu damar kaiwa lokacin da za su rayu. Aikin allurar kansa bai fi minti goma zuwa ashirin ba. Amma ingancin wannan hidima ba a allurar yake ba. Yana cikin hoton sikanin na ciki da aka ɗauka kafin ta, da bayanin da aka yi wa ma'auratan, da kulawar da ta biyo baya. A nan ne asibiti ke bambanta da asibiti.

Dalilin samuwar aikin lissafi ne na makonni. Cikin ɗa ɗaya yakan kai mako 39 zuwa 40. Tagwaye kan zo a wajen mako 35 zuwa 36, 'yan uku a wajen mako 32, 'yan huɗu kuwa kusan mako 29 zuwa 30. Kowane ƙarin ɗan tayi yana cinye makonni uku ko kusa da haka, kuma makonnin da ake rasawa su ne waɗanda huhu da ƙwaƙwalwa da hanji ke kammala nuna a cikinsu. Bakwainin da ya zo kafin mako 32 yana fuskantar matsalar numfashi, zubar jini a ƙwaƙwalwa, ruɓewar hanji, lalacewar idanu, da dogon zama a kwalba. Wani bincike da aka yi a Yammacin Ostireliya aka buga a 1993 ya gano larurar ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓin yaro a kusan 2 cikin 1,000 na waɗanda aka haifa su kaɗai, 7 cikin 1,000 na tagwaye, da 28 cikin 1,000 na 'yan uku. Ita ma uwar ba ta tsira ba: hawan jinin masu ciki da jijjiga, ciwon sukari na goyon ciki, ƙarancin jini, zubar jini bayan haihuwa saboda mahaifar da ta buɗe fiye da ƙima ba ta saurin tsukewa, ga kuma kusan tabbacin haihuwa ta hanyar tiyata.

Aikin ba sabo ba ne. A 1978 likitoci a Suwidin suka fara tsayar da zuciyar ɗaya daga cikin tagwaye mai mummunar cutar gado, suka bar ɗan'uwansa. A tsakiyar shekarun 1980, da magungunan ƙara ƙwai da dashen ƙwai (haɗa ƙwan mace da maniyyi a waje a dasa a mahaifa) suka yawaita, Dumez da Oury a Faransa, sannan Mark Evans da Richard Berkowitz a Amurka, suka mayar da shi hanyar rage yawan 'yan tayi. Tun daga nan an tara gogewar dubban ayyuka, kuma sakamakon ya inganta ƙwarai da ƙaruwar ƙwarewar masu yi da kyawun na'urorin hoto.

Abin da ya kamata a fara auna asibiti da shi shi ne hoton farko. Kafin a yi maganar allura, dole a san mabiyiya nawa ce a ciki, kuma wane ɗan tayi ne ke da tasa shi kaɗai, wanne ne ke tarayya da wani. Lokacin da wannan ya fi fitowa fili shi ne tsakanin mako 11 da 14. Ana duba wurin da tantanin da ya raba jakunkuna biyu ya haɗu da mabiyiya. Idan naman mabiyiya ya kutsa tsakanin tantanin ya yi tudu mai kusurwa uku, kowanne da tasa mabiyiyar. Idan kuwa tantanin siriri ne ya sauka a miƙe ya yi siffar harafin T, to mabiyiya ɗaya suke ci. Bayan mako 16 zuwa 20 wannan alamar takan dusashe, shi ya sa matar da aka turo a makare ta riga ta rasa wani muhimmin bayani. Ƙwararren sashe yana zana taswirar mahaifa a takarda: wane ne a sama ta dama, wane ne kusa da bakin mahaifa, mabiyiyar wane ce a gaba, ta wane ce a baya. Ana ba kowanne lamba ko harafi, kuma ba a sake canza masa. Asibitin da takardarsa ta ce "'yan uku ne, duk suna motsi" ta tsaya nan, bai kai matsayin da zai taɓa wannan aiki ba.

Me ya sa aka matsa a kan mabiyiya haka? Saboda 'yan tayin da ke tarayya a mabiyiya ɗaya jijiyoyin jininsu a haɗe suke, kamar gidaje biyu masu shan ruwa a bututu guda. Duk abin da aka zuba wa ɗaya yana iya isa ga ɗayan. Ko maganin bai isa ba, da zarar zuciyar ɗaya ta tsaya, jinin mai rai yakan kwarara cikin jikin wanda ya mutu, nasa jinin ya faɗi warwas. Idan ɗaya daga irin waɗannan tagwaye ya mutu da kansa a ciki, kusan 15 cikin 100 na 'yan'uwansu su ma suna mutuwa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka rayu suna samun illa a ƙwaƙwalwa. Kuskuren ƙirga mabiyiya shi ne mafi munin kuskure a wannan aiki, kuma kuskure ne da ba shi da gyara.

Batun lokaci ma yana da hujjarsa. Akwai masu yin aikin da wuri, mako 6 zuwa 8, ta farji, a soki jakar a zuƙe abin da ke ciki. Yana da sauƙi a hannu, kuma wasu ma'aurata sun fi samun natsuwa da shi saboda ƙanƙantar cikin. Rauninsa biyu ne. Na farko, kusan rabin cikin 'yan uku da aka gani a farkon makonni kan ragu da kansu kafin mako 12, don haka ana iya rage wanda da zai rayu a bar wanda dama ba zai kai labari ba. Na biyu, a wannan lokacin ba a iya ganin naƙasa. Shi ya sa yawancin manyan cibiyoyi suka tsaya a kan mako 11 zuwa 14, ta fatar ciki. A lokacin an wuce yawancin ɓarin da kan zo da kansa, ana iya auna tsawon kowane ɗan tayi daga kai zuwa mazauni, a auna kaurin ruwan da ke bayan wuyansa, a duba ƙoƙon kai, bangon ciki, mafitsara, hannuwa da ƙafafu, da yadda zuciya ke aiki.

Cibiyoyi masu kyau suna ƙara gwajin ƙwayoyin halitta kafin aikin. Ana tsinko ɗan ƙaramin nama daga mabiyiyar waɗanda ake son bari, a yi gwajin gaggawa da ke fitowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a yi ragin. Amfaninsa a bayyane yake, musamman ga matar da ta haura shekara 35: kada a rage mai lafiya a bar mai matsala. Sai dai gwajin yana da nasa tarkon. Idan mabiyiyoyi biyu suna manne da juna, mai tsinkowa zai iya ɗebo ta wancan yana zaton ta wannan ce, kuma a nan ma taswira ce ke ceto. Gwajin jinin uwa da ke neman burbushin halittar ɗan tayi, wanda ke aiki sosai a cikin ɗa ɗaya, ba abin dogaro ba ne a 'yan uku, domin ko ya nuna matsala ba ya cewa ta wane ce.

Zaɓen wanda za a rage ba son rai ba ne, kuma bai kamata a ɗora wa iyaye shi ba. Ana fara da wanda aka ga naƙasa a jikinsa, ko mai kaurin bayan wuya, ko wanda ya fi sauran ƙanƙanta da tazara, ko mai ƙaramar jaka. Idan duk sun yi daidai, sai a ɗauki wanda allura za ta isa gare shi ba tare da ratsa jakar wani ba, galibi na can saman mahaifa. Ana guje wa wanda ke zaune a kan bakin mahaifa, domin idan aka bar mataccen nama a nan, ruwa na iya tsiyaya, ƙwayoyin cuta kuma su samu hanyar hawa daga ƙasa.

Ranar aikin, mace tana kwance rigingine, idonta biyu. A wanke fatar ciki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa wa kan na'urar hoto riga mai tsabta, a yi allurar kashe zafi a wurin da za a soka. Sai a sake bin taswira ɗaya bayan ɗaya, domin cikar mafitsara ko murɗawar mahaifa na iya sauya yadda jakunkunan ke bayyana a allo. Ana shigar da doguwar allura siririya, mai kauri lamba 20 ko 22, ana kallon bakinta a allo tun daga fata har cikin ƙirjin ɗan tayin, a zuciya ko dab da ita. A tura sinadarin fotashiyam kuloraid mai ƙarfi, mililita 1 zuwa 3 gwargwadon girman cikin. Zuciyar takan tsaya cikin ƙasa da minti ɗaya. Mai aikin da ya san abin da yake yi ba ya zare allura nan take. Yana tsayawa yana kallo minti biyu zuwa biyar, sannan a sake dubawa bayan rabin awa ko awa ɗaya, domin zuciyar da maganin bai shige ta sosai ba tana iya komawa bugawa, kuma ɗan tayin da ya farfaɗo bayan haka yana iya samun mummunar illa. Ana kuma tabbatar da bugun zuciyar waɗanda aka bari, a nuna wa uwar idan tana so. Idan rukunin jininta nagatif ne, a yi mata allurar kariya ta anti-D, mai hana jikinta yaƙar jinin ɗan tayi, cikin awa 72. Mantawa da wannan sakaci ne da zai iya cutar da cikin da take ɗauke da shi da na gaba. Yawanci ranar take komawa gida.

Wanda aka rage ba a fitar da shi. Ruwan jakarsa yakan tsotse cikin makonni, jikin ya motse ya manne a tantani, wani lokaci a ga ɗan saura a jikin mabiyiya ranar haihuwa. Ya dace a gaya wa iyaye wannan tun farko, a kuma rubuta wa ungozomar da za ta karɓi haihuwa, kada abin ya zo musu ba zato.

Ga masu mabiyiya ɗaya kuwa, fotashiyam haramun ne a likitance, sai dai idan duka biyun za a rage. Idan ɗaya ake son ragewa, dole a toshe hanyar jinin gaba ɗaya a lokaci guda. Ana yin haka da allura mai ƙona nama da zafin lantarki a gindin igiyar cibiya, ko da hasken leza a jijiyoyin cikin jikin ɗan tayin, ko kuma, idan ciki ya kai wajen mako 18, da ɗan hantsaki mai lantarki da ke matse igiyar cibiyar ya ƙona ta. Kayan sun fi kauri, fashewar faya ta fi yawa, kuma wanda aka bari yana rayuwa ne a kusan 8 cikin 10. Cibiyoyi ƙalilan ne ke da kayan da hannun wannan aiki.

Inda wannan ya fi ɗaure kai shi ne 'yan ukun da biyu ke tarayya a mabiyiya ɗaya, na ukun yana da tasa. Wannan tsari ya yawaita da dashen ƙwai, inda aka dasa biyu sai ɗaya ya rabu. Hanyoyi huɗu ne a gaban iyaye. A bar su duka, da haɗarin bakwaini da na tarayyar jini. A rage biyun nan a bar ɗaya, wanda ya fi ba da damar kaiwa ƙarshen ciki lafiya amma an rasa biyu. A rage mai zaman kansa a bar biyun, wanda a ganinmu shi ne mafi raunin zaɓi, domin an bar tagwayen da 10 zuwa 15 cikin 100 nasu ke gamuwa da larurar da jini ke rinjaya daga ɗaya zuwa ɗaya. Ko a rage ɗaya daga biyun da leza ko zafin lantarki, a bar tagwayen da ba sa tarayya, tare da sanin cewa abokin tarayyar na iya bin ɗan'uwansa. Sashen da bai iya shimfiɗa waɗannan huɗun da alƙalumansu ba, bai ba da shawara ba, umarni kawai ya bayar.

To aikin yana biyan buƙata? Ga 'yan huɗu zuwa sama, amsar ba ta da wuya. Haɗarin rasa cikin gaba ɗaya ko haihuwar bakwaini ƙanana ƙwarai ya yi yawan da ragewa ke ƙara damar komawa gida da jariri mai lafiya a fili. Alƙaluman da Evans da abokan aikinsa suka tattara daga ayyuka sama da 3,500 suka buga a 2001 sun nuna cewa asarar ciki bayan ragi tana bin yawan da aka fara da shi: kusan 5 cikin 100 idan daga uku aka fara, kusan 7 daga huɗu, har zuwa wajen 15 daga shida ko fiye. Sun kuma nuna asarar na raguwa da ƙaruwar gogewar mai yi, abin da ya sa tambayar "sau nawa kuke yin wannan a shekara?" ba rashin kunya ba ce.

Ga 'yan uku masu mabiyiya uku, gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya, kuma a nan ne wasu cibiyoyi ke yin zaƙin baki. Wani nazari da aka buga a 2006 ya kwatanta waɗanda aka rage zuwa tagwaye da waɗanda aka bari. Haihuwa kafin mako 32 ta sauka daga kusan 27 cikin 100 zuwa kusan 10, amma ɓarin dukan cikin kafin mako 24 ya tashi daga kusan 4 zuwa kusan 8. Ciniki ne, ba kyauta ba. Kuma har yau ba a yi gwajin da aka raba mata gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba, don haka duk alƙaluman daga kwatance suka fito. Abin da ke karkata ma'auni shi ne halin matar da wurin da za ta haihu: ko ta taɓa haihuwar bakwaini, tsawon bakin mahaifarta, ciwon zuciya ko ƙoda ko hawan jini, tabon tiyata a mahaifa, da kuma ko akwai sashen jarirai mai na'urar numfashi da zai karɓi bakwaini uku a dare ɗaya. Matar da ta zaɓi riƙe ukun ba ta yi wauta ba, kuma haƙƙinta ne a kula da ita da irin himmar da za a yi wa wadda ta rage.

Bayan aiki, ɗan ciwon mara da ɗigon jini na kwana biyu ko uku ba abin tsoro ba ne. Wasu matan kan ga ruwa ya tsiyayo, galibi daga jakar da aka soka, kuma yakan tsaya da kansa. Hoto ne zai nuna ko ruwan waɗanda aka bari yana nan daidai. Abin da ba ya jira shi ne zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon mara mai ƙaruwa ko jini mai gudu, domin alamun ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa, kuma wannan na iya cinye cikin duka har ya taɓa ran uwar. Dogon kwanciya a gado ba a nuna yana hana ɓari ba, yana ma ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Ana sake hoto bayan mako ɗaya ko biyu, a yi cikakken hoton gaɓoɓi a mako 18 zuwa 22 tare da auna bakin mahaifa, sannan a riƙa bin girman jariran. Wani abu da likitan awo ke yawan tuntuɓe a kai: gwajin jinin uwa na watanni huɗu zuwa biyar da ke neman naƙasar ƙashin baya yakan fito a sama bayan ragi saboda naman da ke narkewa, ba don waɗanda ke raye suna da matsala ba. Tagwayen da aka samu ta ragi ma sukan zo ɗan da wuri fiye da tagwayen asali, don haka cikin bai koma na yau da kullum ba.

Inda hidimar ta fi gazawa, har a manyan cibiyoyi, shi ne ɓangaren zuciya. Mutanen da suka yi shekaru suna roƙon ɗa ɗaya ne ake ce wa su yanke hukunci cikin mako biyu. Baƙin ciki da jin laifi suna da yawa a watannin farko, ko da yake binciken da aka bi iyaye da shi ya nuna yawancinsu daga baya suna ganin hukuncin da suka yanke daidai ne. Sashe nagari yana ba da zama biyu aƙalla kafin aiki, yana haɗa su da likitan jarirai ya faɗa musu yadda bakwainin mako 28 yake da gaske, yana tambayar uwar ko tana son a juya allon hoto, kuma yana kiran ta bayan aiki. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2017, ta ce a gabatar da duk zaɓuɓɓuka ba tare da tura mace gefe guda ba, kuma likitan da imaninsa bai bar shi ya yi ba ya tura ta ga wanda zai yi mata bayani a kan lokaci.

Doka da addini suna da babban matsayi a nan, kuma dokar ƙasa da ƙasa ta bambanta, don haka a tambaya tun zaman farko. Cocin Katolika ta haramta ragin kai tsaye. Malaman Musulunci sun saɓa: akwai masu tsanantawa tun farkon shigar ciki, akwai masu sassauci kafin kwana 40, akwai masu yarda kafin kwana 120 idan larura ta tabbata, musamman in ran uwa na cikin haɗari. Abin lura ga mai zuwa neman fatawa shi ne lissafin likita yana farawa daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, wato kusan mako biyu kafin shigar ciki. Kwana 40 daga shigar ciki ya yi daidai da kusan mako 8 a katin awo, kwana 120 kuma kusan mako 19. A je wa malami da takardar likita mai bayyana yawan 'yan tayin, tsarin mabiyiya da girman haɗarin, domin hukuncin yana rataye ne a kan waɗannan.

Akwai kuma ƙorafin da ya wajaba a kai inda matsalar ke farowa. 'Yan uku na asali, waɗanda ba magani ya kawo su ba, a ƙasashe da dama kusan ɗaya ne cikin haihuwa dubu bakwai zuwa takwas. A Amurka, an ƙiyasta cewa zuwa 2011 sama da kashi uku cikin huɗu na haihuwar 'yan uku da fiye daga maganin neman haihuwa suka fito. A dashen ƙwai, maganin abin shi ne dasa ɗaya a daskarar da sauran, musamman ga matar da ba ta kai 35 ba kuma ƙwanta masu kyau ne. A allurar ƙara ƙwai kuwa, wadda ita ce ta fi haifar da 'yan huɗu da 'yan biyar saboda ba a iya ƙayyade adadin da zai fashe, dole a riƙa bin ƙwan da hoto, kuma idan waɗanda suka nuna sun wuce biyu ko uku a soke zagayen, a hana allurar fasa ƙwai, a ce wa ma'auratan su ƙaurace wa juna har wannan watan ya wuce. Asibitin neman haihuwa da ke ba da waɗannan allurai ba tare da hoton bibiya ba, ko yake dasa ƙwai uku da huɗu don alƙaluman nasararsa su yi kyau, a tambaye shi adadin cikin 'yan uku da ya samar a bara kafin a fara karɓar magani a hannunsa.